Manomin da Ba Ya Kiran Ɗan Farinsa

Akwai wani mutum manomi, yana zaune a wani ƙauye a gindin dutse tare da matarsa da 'ya'yansa biyu. Babban namiji ne mai shekara bakwai, sunansa Habila. Ƙaramar mace ce mai shekara uku, sunanta Saraya. Mutumin nan ba mashayi ba ne, ba mai yawon banza ba ne, ko cin rani bai taɓa zuwa ba. Daga gona sai gida, daga gida sai sujada. In uban da ya gudu ya bar iyalinsa kuke nema, to, ku nemi wani, wannan kam kullum yana nan.

Amma a garinsu akwai wata al'ada wadda yawancinku kun sani, wasunku ma a cikinta aka raine ku, wato kunyar ɗan fari. Mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna yana sonsa a gaban jama'a. Wanda ya yi, sai a ce ba shi da kunya. Mutumin nan ya riƙe al'adar da hannu biyu. In zai aiki yaron sai ya ce, "Kai, zo." In zai yi maganarsa da matarsa sai ya ce, "Yaron nan naki." Ita matar, kunyarta ta idon mutane ce kawai, in ta shiga ɗaki tana kiran abinta yadda take so. Saraya kuwa, da yake ba ita ce ta fari ba, har wuyan uban take hawa tana ja masa gemu, yana dariya yana cewa, "Saraya, Saraya, za ki tsige ni!"

Kada wani ya ce ba ya ƙaunar yaron. Yana ƙaunarsa ƙwarai da gaske. Shi ne da kansa ya sa aka ƙera masa 'yar fartanya daidai hannunsa, amma sai ya jingine ta a bakin ƙofa bai ce uffan ba, yaron ya ɗauka uwarsa ce ta saya. Da zazzaɓi ya kwantar da yaron, yini guda mutumin ya yi yana kewaya bayan ɗakin yana kasa kunne, wai shi yana duba jinka, bai leƙa ciki ba.

Mutumin nan yana da wa, maƙeri, a wani gari mai tafiyar kwana biyu. Allah bai ba wan haihuwa ba. Da damina ya zo ziyara, ya ce wa ƙanensa, "In kun cire gyaɗa zan dawo in ɗauki Habila, in riƙe shi, in koya masa ƙira."

Manomin bai so ba ko kaɗan. To amma yaya za ka hana wanka ɗa? Balle ɗan fari, wanda nuna kana sonsa ma abin kunya ne? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai naka ne, Yaya."

Wan ya ce, "Sharaɗina ɗaya. Ba na ɗaukar yaro yana kuka. Ranar da na zo zan tambaye shi da bakina. In ya ce zai bi ni, mu tafi. In ya ce a'a, ya yi zamansa."

Sai mutumin ya ɗan sami sanyi a ransa. Ya ce a zuciyarsa, wane yaro ne zai yarda ya bar gidan ubansa? Ai zai ce a'a, shi ke nan, ba sai na yi magana ba.

Gyaɗa ta fara nuna, sai mutumin ya lura da wani abu da ya ɗaure masa kai. Wata safiya ya fito da lauje zai tafi yankan ciyawa, yaran suna zaune a gindin rumbu. Sai ya ga Habila ya zunguri ƙanwarsa da gwiwar hannu, ya raɗa mata magana. Saraya ta buɗe baki iya ƙarfinta ta ce, "Abila!" Shi kuma, alhali ga shi gab da ita, ya amsa kamar wanda aka kira daga hayin rafi: "Na'am! Ga ni! Ni ne Habila!" Yana faɗa yana satar kallon uban. Mutumin ya ce wasan yara ne, ya wuce abinsa.

Da ya dawo da rana, aka sake. Da la'asar aka sake. Kashegari ma haka. Abin mamakin shi ne, in uwar ce ta gifta ba a yi, in maƙwabci ne ba a yi, sai in shi ne. Mutumin ya ce bari ya gwada. Ya fita ta ƙofar gaba, aka yi kiran. Ya kewaya da gangan ya shigo ta baya wajen turken jaki, yana shigowa sai ga zunguri, sai ga "Abila!" Ikon Allah, in ji shi, wannan wane irin wasa ne da ba a yinsa sai na zo?

Abin bai tsaya nan ba. Yaron ya shiga yi wa dabbobi magana. In uban yana kusa, sai ya ɗebo harawa ya kai wa jaki yana cewa da ƙarfi, "Ci, Habila ne ya kawo maka." Ya watsa wa kaji tsaba ya ce, "Ku zo, Habila ne." Mutumin ya fara tunani iri-iri. Ko fahariya ce ta kama yaron? Ko kunnensa ne ya fara toshewa? Ko kuwa zazzaɓin nan ya taɓa masa kai? Ya yi ta juya abin a gona har ya sare gindin dawa biyu yana tsammani ciyawa ce.

Da ya kasa haƙuri ya sami matarsa tana daka, ya ce, "Yaron nan naki, lafiyarsa kuwa?"

Ta ce, "Wane yaro, Baban Saraya? Unguwar nan cike take da yara."

Ya ce, "Kin san wanda nake nufi. Me ya sa yake ta shelar sunansa kamar mai talla?"

Ta ajiye taɓarya ta dube shi. "Ni ma na tambaye shi, ya ce ba da ni yake ba. To in ba da ni yake ba, da wa yake? Ga shi can, ka tambaye shi mana. Ko bakinka ciwo yake yi?"

Bakinsa lafiya lau, amma ina! Mutumin da bai taɓa zama da ɗansa sun yi hira ba, ta ina zai fara? Sai ya yi dabara irin ta manya. Ya ce dangar bayan rumbu ta lalace, ya ɗebi kara da igiya ya kewaya ta waje, ya tsuguna yana ɗauri a hankali. Dangar kuwa ba abin da ya same ta. Babban mutum da gemunsa, yana laɓe yana sauraron hirar yara!

Can sai ya ji Saraya tana cewa, "Ni na gaji. Ba zan ƙara kira ba."

Habila ya ce, "Haba Saraya, ga gyaɗa, ungo. Ki ƙara yau da gobe kawai."

"Don me?"

"Don Baba ya riƙe. Ba ki gani ba? Ya san sunanki, ya san na Mama, ya san na kowa a garin nan. Nawa ne kaɗai ya manta, kuma yana jin nauyin tambaya. Malamarmu ta makarantar Lahadi ta ce aya in ana maimaita ta, ko mai mantuwa sai ya riƙe. Shi ya sa nake so ya riƙa ji kullum."

Saraya ta tauna gyaɗa ta ce, "In bai riƙe ba fa?"

Yaron ya ce, "In bai riƙe ba har Baffa ya zo, sai in bi Baffa. Shi ya san sunana."

Igiya ta suɓuce daga hannun mutumin. Ya zauna daɓas a ƙasa. Yaron ba fushi yake ba, ba ƙorafi yake ba, tausayin ubansa ma yake ji, yana koya masa a hankali don kada ya kunyata shi. Wannan ne ya fi yi wa mutumin ciwo. Ya yi kuka a bayan danga, ba wanda ya gan shi.

Za ku ce daga nan ya tashi ya shiga gida ya kira ɗansa. Da haka abin yake da sauƙi, da ban tsaya ba ku wannan misali ba. Abin da baki ya shekara bakwai yana gudu ba ya fitowa rana ɗaya. Mutumin ya tafi gona, ya shiga tsakiyar dawa inda ba kowa, ya waiga dama ya waiga hagu, ya faɗi sunan ƙasa-ƙasa. Sai ya ji kamar duk tsofaffin garin suna bayansa suna kallo. Ya sake faɗa, ya sake, har ya ɗan saba. Amma da ya dawo gida ya ga yaron a tsakar gida, ya buɗe baki, sai ya hango maƙwabcinsa yana wucewa. Abin da ya fito shi ne, "Kai, kawo mini ruwa." Kwana huɗu yana haka, kullum yana cewa gobe.

A rana ta biyar da hantsi sai ga wansa ya iso. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka kawo fura, dattawan unguwa biyu suka zo gaisuwa suka zauna. Uwar ta ƙulle kayan yaron a tsumma, idonta ja. Bayan an huta, wan ya kira yaron ya dafa kansa ya ce, "Habila, na zo. Za ka bi ni, ko za ka zauna? Faɗi gaskiyarka, ba mai dukanka."

Yaron ya juya ya dubi ubansa, ya daɗe yana kallonsa. Uban kuwa ga dattawa a dama, ga wansa a hagu, sai ya kafa ido a tabarma yana tsinkar zare. Yaron ya jira, ya jira, sa'an nan ya ce, "Zan bi ka, Baffa."

Ya karɓi ƙullinsa, ya durƙusa ya gai da dattawa, ya gai da uwarsa, ya durƙusa gaban uban ya ce, "Baba, sai wata rana." Uban ya ɗaga hannu kawai. Suka kama hanya, baffan a gaba, yaron a baya da ƙulli a ka.

Mutumin ya miƙe tsaye yana kallonsu. Suka wuce rijiya. Suka kai gindin tsamiyar da hanya take karkata a wurinta, inda in mutum ya wuce ba a ƙara ganinsa. Sai ya ji in yaron nan ya sha kwanar, zai girma a wani gari yana ba da labari cewa ubansa bai san sunansa ba. Bai san sa'ad da bakinsa ya buɗe ba.

"Habila!"

Muryar ta fito a dishe, kamar ba tasa ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya kama baki ya ce, "Ashsha!" Yaron ya tsaya cak. Ya dubi baffansa, ya ga ba shi ba ne. Ya waigo yana neman wanda ya yi kiran a cikin mutanen da ke ƙofar gida, gama bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba. Uban ya taka zuwa tsakiyar hanya ya sake kira da ƙarfi, yadda duk unguwa za ta ji: "Habila, ɗana! Zo!"

Yaron ya dawo da gudu, ƙullin yana tsalle a kansa. Ya tsaya gaban uban yana haki, ya ce, "Baba, ka riƙe! Wa ya faɗa maka? Saraya ce?"

Mutumin ya durƙusa har fuskarsa ta yi daidai da ta yaron, ya ce, "Ba wanda ya faɗa mini. Ni na raɗa maka shi. Tun kana cikin ciki na zaɓe shi, ban taɓa mantawa ba ko rana ɗaya. Kuma ba na so ka tafi."

Wan ya dawo a hankali. Kowa yana jiran faɗa, gama ƙane ya ba da ɗa ya kuma janye a gaban mutane. Dattijon nan ya ce, "Yau mun ga abin da ba mu taɓa gani ba. Ina kunya ta tafi?"

Wan ya ce wa dattijon, "Baba, ka bar shi. Ni ne ɗan farin mahaifinmu. Na yi masa noma, na yi jinyarsa, da hannuna na sa shi a kabari, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ranar da zai rasu na zauna kusa da shi tun safe, ina cewa yau kam zai faɗa. Abin da ya ce mini shi ne, kai, gyara mini matashi. Na san yana ƙaunata, an faɗa mini daga baya. Amma ga ni da furfura har yau ina jira." Ya goge ido da bakin riga, ya juya wurin yaron ya ce, "Habila, yanzu fa?"

Yaron ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Zan zo maka da rani."

Wan ya sauke ƙullin daga kan yaron ya danƙa wa ƙanensa, ya ce, "Riƙe ɗanka, ka riƙe shi da kyau." Ya koma garinsu shi kaɗai, da zafin rashin ɗa a zuciyarsa, amma bai yi gunaguni ba.

Da mutane suka watse, uban da ɗan suka zauna kan tabarma ɗaya. Ba wanda ya san abin da zai ce, gama ba su saba ba. Uban ya yi gyaran murya, yaron ya yi wasa da yatsun ƙafarsa. Can yaron ya matso kaɗan ya ce, "Baba, sake faɗa."

Ma'anar wannan misali ita ce, uba yana iya kwana a gida kowace rana ta Allah, amma a wurin ɗansa ya zama baƙo. Mun saba zagin wanda ya tafi ya bar mata da 'ya'ya, kuma ya cancanci a tsawata masa. Amma akwai wanda bai je ko'ina ba, yana nomawa, yana ciyarwa, ɗansa kuwa bai san shi ba sai da tari da takalmi a bakin ƙofa. Manomin nan shi ne kowane uba da yake ƙaunar ɗansa a ɓoye. Habila kuma shi ne yaron da yake gidanka, wanda ba ya ganin zuciyarka, abin da ya gani da abin da ya ji kaɗai yake aunawa. In ka yi shiru, shi zai nemo wa shirunka dalili, kuma dalilin da zai samo ba zai yi maka daɗi ba.

Ban ce kunya mugun abu ba ce. A cikinta muka tashi, ta kuwa tsare mu daga abubuwa da yawa. Amma na tambaye ku, wa take yi wa amfani in yaro mai shekara bakwai ne yake biyan kuɗinta da zuciyarsa? Kada ma wani ya ce, mu a gidanmu an daina wannan al'ada. Kunyarka tana iya zama aiki, ko majalisar abokai, ko wayar da ke hannunka, ko cewa raino na mata ne. Suna ne kawai ya bambanta. Ina ganin wasunku suna kallon ƙasa kamar mutumin nan a kan tabarma. Ku ɗago, ba faɗa nake yi ba, ni ma uba ne, na kuwa yi irin wannan shiru.

Ku dubi wan nan kuma. Da ya so, da ya tsaya a kan alkawari ya tafi da yaron. Amma sa'ad da ƙanensa ya yi abin da ake yi wa dariya, shi ne ya tsaya masa a gaban dattawa. Haka ya kamata mazan ikilisiya su zama. In kun ga mutum ya goya 'yarsa zuwa asibiti, ko ya zauna yana sauraron karatun ɗansa, kada ku ce matarsa ta mallake shi. Ku ce sannu da ƙoƙari. Uba da yawa yana so ya matso kusa da 'ya'yansa, tsoron bakinmu ne yake hana shi. Ku kuma mata, ku ba shi wuri, ko da bai iya ba da farko. Yaran da ubansu ya rasu ko ya ɓace, su ma suna cikinmu a nan. Kowane namiji a ɗakin nan ya kamata ya san sunan ɗaya daga cikinsu, ya riƙa tambayar lafiyarsa.

Ku tuna da Ubanmu na sama. Ranar da aka yi wa Ɗansa baftisma a kogi, jama'a cike da gaɓa, bai ɓuya a bayan danga ba. Ya ɗaga murya daga sama a gaban kowa ya shaida cewa wannan nasa ne, yana kuwa ƙaunarsa. In Maɗaukaki bai ji kunyar Ɗansa ba, kai wane ne?

Saboda haka ga aikinku na wannan mako, ku iyaye maza. Yau in kun koma gida, ka kira ɗanka ko 'yarka da suna. Zai zo da sauri ya tsaya yana jiran aike, gama abin da ka saba masa ke nan. Zai ce, "Baba, me zan kawo?" Ka ce masa, "Ba kome. Kai nake so. Zo ka zauna."